Rufe Famfon, Auta!

Saura kwana uku a yi jarrabawar gwajin kimiyya, amma Auta ya sake ɓata ruwan. Karo na bakwai ke nan!

Gwaggo ta daki teburin har kwalabe suka yi ƙara. Shekararta sha tara tana gwajin jini a ɗakin nan na asibiti. Asabar ɗinta guda ta bayar, ta roƙi ogansu makulli, don kawai ɗan ƙaninta ya iya abin da makaranta ta kasa koya masa. Aikin ma fa bai taka kara ya karya ba. Ka buɗe famfon bututun gilashi, asid na ɗiga cikin kwalba, da ruwan ya bar rawaya ya soma ja, sai ka rufe. Shi ke nan! Amma yaron nan sai ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, har ruwa ya yi jawur.

"Wai iskanci ne ko me? Lissafi kana zuba shi kamar ruwa, rufe famfo ne ya gagare ka? In ka faɗi wannan, karatun likitan da kake damun mu da shi ya sha ruwa!"

"Yi haƙuri, Gwaggo."

"Haƙurin me? Sake!"

Ta wanke kwalbar a fusace, ta miƙa masa. Wannan karon fuskarsa ta tsura wa ido. Ashe shi ma ba ruwan yake kallo ba, bakinta yake kallo, yana jira ta motsa.

Wani zargi ya ɗarsu a ranta. Ta janyo kwalaben ɗibar jini biyu, ɗaya mai jan murfi, ɗaya mai kore.

"Ba ni jan."

Hannunsa ya yi ta shawagi a kansu. Can ya ɗauki koren.

"A aji yaya kake yi?"

"Hannun na kusa da ni nake kallo. In ya rufe, in rufe."

Innalillahi! Ashe idon yaron ba ya bambance ja da sauran launuka! Shekara uku yaro na makaranta, malamai na ganin sa, ba wanda ya lura? Wane irin sakarci ne wannan! Ranta ya ɓaci.

"Kai kuma bakinka ciwo yake? Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa wa Malam, ya ce wayon rago ne, aji ya sa dariya." Ya sunkuyar da kai. "Ke ma na faɗa miki da safe na ce ban ga ya canza ba. Kika ce in buɗe idona."

Gwaggo ta cire farar rigar aikin ta yar kan kujera.

"Ɗauko takalminka. Likitan ido bai tashi ba tukuna, takardar shaidar matsalar idonka za mu karɓo. Litinin kuma ni da shugaban makarantarku ne."

A bakin ƙofa ya tsaya.

"Gwaggo, wanda ba ya ganin ja, ana barin sa ya zama likita?"

Makulli na hannunta, sau uku tana zurawa bai shiga ba.