Wuyan Rigar Kamalu

Sabo tela ne a wani shago a Montreuil, kuma a kan abu guda yake da taurin kai: ba ya yanka wuyan riga sai ya auna wuyan mai ita da hannunsa. A Italiya ya kwaso wannan aƙida, wajen wata tsohuwa Sofia da ta koya masa ɗinkin kwat. Kollo take ce wa wuya, na mutum da na riga, kuma a wajenta komai na gyaruwa ban da kollo.

Ƙanensa Kamalu, da ke kwance a asibiti a Bron, kusa da Lyon, da ciwon maƙogwaro, ya roƙe shi farar riga ta Sallah. Sabo ya ɗinka ta tsaf, ya bar wuyan a rufe. Rahama, matar Kamalu, ta ce ya bari ta auna ta faɗa masa, ya ƙi, wai da kansa zai zo. Mai shago kuwa kullum cewa yake sai an gama kayan wani biki tukuna, shi kuma Sabo takardun zamansa a wannan aikin suke rataye, bai iya musu ba.

Ana haka Rahama ta kira da hantsi.

"Yaya, ka taho. Ya bar magana. Wuyanshi kawai yake taɓawa yana duban ƙofa."

Sabo ya bar keken ɗinki a kunne, ya cusa rigar a jaka ya ruga tasha. Jirgin ƙasan Lyon da ake yabon gudunsa, ran nan gani yake kamar rarrafe yake yi. Ya kira Rahama har wayar ta yi zafi, ba ta ɗauka ba. Tsoro ya cika shi, ga haushin kansa. Roƙonsa guda, Allah Ya sa ya tarar da shi ko da ido ne a buɗe.

Bai tarar ba.

Washegari a ɗakin wankan gawa, Malam Garga mai yi wa gawa sutura ya shimfiɗa likkafani, ya miƙa wa Sabo almakashi don ya tsaga wuyan likkafanin, tunda sana'arsa ce. Sabo ya laluba aljihu ya zaro ma'auninsa.

"Ba a aunawa, Malam Sabo," in ji Garga a hankali. "Tsagawa kawai ake yi."

Sabo bai ji ba. Ya durƙusa, ya zagaya ma'aunin a wuyan ƙanensa, yana ba shi haƙuri. Rigar tana cikin jaka a bakin ƙofa, wuyanta a rufe.