Maficina da Akwatin Peni

Ni ce na goge akwatin, gara in faɗa tun yanzu.

'Yar ƙaramar aba ce, ba ta fi sandar sabulu ba. Mijina Peniamina ke taka ta da ƙafa in yana kaɗa jita a cocinmu na tsibirin Savai'i. Ya kaɗa sau ɗaya, ita ta maimaita masa kamar amsa-kuwwa. Kunnuwa uku gare ta na murɗawa, kuma tun da Ubangiji ya kira Peni ba wanda ya taɓa su. 'Yarmu Matalena ta hana. Ta ce muryar babanta ke nan, yadda ya bar ta.

Ranar Asabar shekara ta cika da rasuwarsa, za a yaye ƙyallen da ke rufe da dutsen kabarinsa a ƙofar gida bisa al'adarmu, Matalena za ta kaɗa waƙar da yake so. Ran Juma'a na ga akwatin duk tsatsar iskar teku da kashin tsaka. Haka fasto zai gani? Na sa man kwakwa na murje shi tas. Kunnuwan kuwa kowanne na kallon garinsu, sai na juya su gefe ɗaya, suka yi layi gwanin kyau.

Da safe ina naɗe ganyen gwaza Matalena ta jona kayanta, ta taɓa tsirkiyar jita ɗaya. Abu ya kama kuka, wuu, wuu, wuu, ya ƙi tsayawa, har aladun maƙwabta suka amsa. Ta canja batir. Ta canja wayar jonawa. Sannan ta ɗaga akwatin ta shinshina.

"Mama, me ya sa akwatin Baba ke ƙamshin gashinki?"

"Datti na cire. Laifi ne?"

"Kin murɗa kunnuwan!"

"To a karkace suke."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a tabarma tana gyarawa. Kunnen da ke ƙirga maimaici ta mayar da shi, amsa sau uku sannan ya yi shiru, wannan ta tuna. Na ƙarfin murya ma ta samu. Na ukun ne ya gagara, mai cewa yaushe amsar za ta dawo. Ta yi gaba, ta yi baya.

"Ba shi ba ne, Mama. Ya tafi."

Motar fasto kuma saura awa ɗaya. Na zauna kusa da ita ina roƙon Allah a zuci, zufa na zuba, na jawo maficina na zuwa coci na hau fifita.

Sai ta ɗago. "Kar ki tsaya."

"Me?"

"Ci gaba dai! Baba yakan ce ke ce agogonsa, na ɗauka tsokana ce."

Ta kafa wa hannuna ido tana murɗawa a hankali. Mafici ya je, ta kaɗa. Mafici ya dawo, amsa ta dawo. Wallahi sai ga Peni a tsakar gidana.

Shekara ashirin da shida in ya sunkuya kan akwatin nan a coci sai ya leƙo ni a bencin gaba ina fifita, ni kuma ina harararsa, wai dattijo ba kunya a ɗakin Allah.

"Tashi ki sa farin kayanki," na ce mata. "Kuma kawo jan farcenki a yi wa kunnuwan nan alama, don tsatsa dai sai na sake gogewa."