Fasinjojin Guntuwa

Shekara goma sha ɗaya Guntuwa tana fitowa a fim a matsayin maƙwabciyar da ke leƙowa ta taga ta ce “lafiya?” a yanke. Da Allah ya sa aka ba ta jaruma a wani fim ɗin barkwanci na direbar tasi, sai ta ci alwashin wannan karon duniya za ta ga fuskarta da kyau.

Ana haka darakta ya dawo daga wani taro da takarda a aljihu. An gaya musu fim ya riƙa nuna kowane irin mutum, shi kuwa bawan Allah ya ɗauki abin kamar lodin kaya. Ya samo dogo, da zabiya, da kurma, da wata tsohuwa, da wata tela mai keken guragu, ya cusa su a tasi ɗaya, kowa ya shiga ya ja masa layi a takarda. Ko kalma ɗaya ba a ba su ba. Aikinsu su zauna su yi murmushi.

Kyamara na ɗaure a kan bonet. Dogo da tsohuwa suka cika gaba, suka manna Guntuwa da ƙofa, har mai kyamara ya ce kunnenta kawai yake gani. Darakta ya ce ai kunnen ma ya yi kyau. Guntuwa ta haɗiye takaici, don wannan ce fitowa mafi tsawo a fim ɗin, ga shi za ta tafi a kunne.

Ita dai ba ta iya tuƙi ba, ƙarti huɗu ke tura motar ta baya. Titin kuwa gangare ne. Suna turawa nauyi ya rinjaye su, mota ta kama hanyarta.

Nan bakin kowa ya buɗe. Zabiya, ashe lauya ne, ya fara lissafa waɗanda zai maka a kotu. Tela ta ce idan an mutu a shaida wa duniya kekenta na cikin but ɗin mota, ita kuma an ajiye ta kamar matashin kai. Kurma ya kwatanta tafiyar darakta da hannu, dariya ta kama su cikin tsoro. Dogo ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa yana kiran uwarsa.

“'Yata, ƙafar dama, taka na tsakiya, shi ne birki, a hankali,” in ji tsohuwa. Shekara talatin tana jan babbar bas, babu wanda ya tambaye ta.

Guntuwa ta taka, mota ta tsaya taku biyu kafin wani shagon kwanuka.

Da aka duba abin da kyamara ta ɗauka, ma'aikata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Darakta ya iso yana haki, ya ce a sake yadda aka rubuta, kowa shiru. Don ya rarrashi jarumarsa, ya ce za a mai da dogo baya, fuskarta ta fito ɗauke da haske.

Guntuwa ta so abin nan har cikin ranta. Ta ɗaga ido ta madubi, ta ga fasinjojinta har sun fara gyara murmushinsu, tela ta naɗe hannuwa a cinya. Sai kunya ta kama ta.

“Ranka ya daɗe, a bar ni da kunnen, a ba su magana.”

Darakta ya tuna mata jarumai ba su ƙare a gari ba. Ta ce ta sani. Ya juya takardarsa gaba da baya, bai ga inda aka ce su yi magana ba, bai kuma ga inda aka hana ba. Yana cikin dubawa tsohuwa ta miƙa wa mai kyamara hannu ya ba ta makullin motar.

“Gyara zama, 'yata,” ta ce. “Wannan karon kunna ta za mu yi.”