Rubutun da Ya Fito a Saman Ƙofa

Gara ce ta sa Dona Waltraud Zastrow ta kira ni. Gidan gonarta da ke bayan Pomerode, garin jikokin Jamusawan da suka yi ƙaura, irin na da ne, ginshiƙan katako da jan bulo a tsakaninsu. Tunda hukumar adana kayan tarihi ta yi masa rajista, ko ƙusa ba a bugawa sai da izini.

"Babana ne ya gina shi," in ji ta. "Ka bi shi a hankali, Arno. Ku kafintocin yanzu hannunku kamar na mahauta."

Sati uku ina ciro ruɓaɓɓen katako ina sa sabo. Ran wata Laraba na kankare fentin saman ƙofa, sai ga rubutu an sassaƙa: Emil Radünz, 1911.

Ta daɗe tana kallo. Babanta a 1915 aka haife shi.

"Mayar da fentin."

"Dona, ba ni da iko. Sai hukuma ta gani."

Washegari ta ce in kai ta wurin Hildegard, jikar Emil ɗin, wadda ke sayar da cuku a bakin hanya.

Hildegard ko kujera ba ta ba mu ba. Ta ce lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta haramta Jamusanci, wani ya kai ƙarar kakanta wai yana yin yaren, aka tsare shi. Matarsa ta kwashi yara ta gudu wurin danginta. Da suka dawo, duwatsun harsashi kawai suka tarar. An kwance gidan, an kwashe shi a keken shanu.

"Wa ya kai ƙarar?" Dona ta tambaya.

"Ban sani ba. Inda gidan yake dai mun sani. Duk Lahadi ta gabansa muke wucewa zuwa coci."

Na ƙarasa aikin cikin wata biyar. Dona ta kai wa Hildegard makullin gidan, ita kuwa ta ƙi karɓa, ta ce ba ta san me za ta yi da shi ba yanzu. Dona ta koma wurin 'yarta a birnin Blumenau. Har yau ba mai kwana a gidan. Ni nake zuwa in buɗe tagogi don kada danshi ya kama katakon.