Tara da Ɗigo Takwas

"Je ka ɗauko mini sukundireba," in ji Budimir.

Velimir yana tsaye a tsakiyar falo da kwanon farfesun kaza da matarsa ta aiko shi da shi, bai ma sami wurin ajiyewa ba, don magunguna sun cinye teburin. Tun da likitoci suka sallamo Budimir, irin sallamar nan da ba a cewa ka dawo ran kaza, aka jawo masa gado kusa da taga don ya riƙa kallon rufin kasuwa. A kan ƙirjinsa ga abin da duk mazauna benen suka sani ba da son ransu ba: littafin labarin zane ɗan Amurka, garƙame cikin akwatin roba garai-garai kamar gilashi, da lamba ɓaro-ɓaro a goshinsa, 9.8.

"Me ya lalace?"

"Buɗewa zan yi."

Velimir ya ɗora kwanon a kan talabijin. Sun fi shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa a hawa na huɗu na wani bene a birnin Novi Sad, kuma a 'yan shekarun nan ya sha wa'azin wannan akwati fiye da na coci. Ya haddace karatun. Wani kamfani ne can Amurka yake duba littafin, ya ba shi maki cikin goma, ya rufe shi ruf. Muddin yana rufe, makin na nan, kuɗin na nan. Ranar da aka fasa, maki ya tashi aiki, in kuwa yatsa ya lanƙwasa gefen shafi guda, rabin kuɗin ya bi iska.

Lokacin korona abin ya kama Budimir. Ya haɗa kuɗin sallamarsa daga masana'antar waya da kuɗin gonar inabin babansa, ya riƙa kwana a gwanjon intanet yana sayen waɗannan akwatuna. A kan matakala yake tare mutane yana musu bayani: banki na cin mutum, dinari, kuɗin ƙasar, na narkewa, amma wannan takarda ba a ƙara buga irinta ba har abada. Velimir ya so ya yi masa nasiha, sai dai ba shi da bakin magana. Shi da kansa ya zuba abin da ya tara a koyar da tuƙi cikin wani tsohon kwale-kwale mai inji, wanda har yau yana kan bulo a bayan bene, kyanwoyin unguwa na haihuwa a ciki. Tsakanin mai kwale-kwalen tudu da mai littafin da ba a karantawa, ba a san wa zai yi wa wani dariya ba.

Da annoba ta wuce, mutane suka fito daga ɗaka suka tuna akwai wasu abubuwan saye a duniya. Farashi ya yi ta gangara, ciwo kuma ya shigo. Ɗaya bayan ɗaya aka sayar da akwatunan a kan asara, suka koma allura da kuɗin hoto a asibitin kuɗi. Wannan kaɗai ya rage, shi ne mafi tsada, shi Budimir yake kira fanshon Gordana, matarsa.

Makon da ya wuce Gordana ta naɗe shi a tawul ta ba Velimir ya kai wa wani dillali a bayan gidan wasan kwaikwayo. Dillalin ya jujjuya shi, ya duba wayarsa, ya ce zai ba da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saya, shi ma don mutunci. Da Gordana ta ji, sai ta ce ai ko hakan zai yi dutsen kabari ya biya kuɗin ɗumama gida na hunturu biyu. Ba su gaya wa Budimir ba.

To yanzu ga shi ana aiken Velimir ya ɗauko abin da zai fasa hunturu biyu na mace.

Ya fara da dabarun raggo. Ya ce ya ba surukinsa aron sukundirebarsa. Budimir ya ce tasa tana cikin aljihun tebur na kicin, ƙarƙashin cokula. Velimir ya ce farfesu zai huce. Budimir ya ce ya huce mana, shi ba kaza yake marmari ba.

"Maƙwabci, ko Turanci ba ka ji."

"Kai ai kana ji. Ko duk cika bakin da kake yi wa 'yan yawon buɗe ido ƙarya ce?"

"Hagu da dama na sani, sai taka birki."

"Ya isa." Budimir ya tsaya ya nemo numfashi. "Na sayar da gonar tsoho a kan abu, ban san me ke shafi na biyu ba. In na je can ya tambaye ni, me zan ce masa? Bangon littafi kawai na gani?"

Velimir ya tafi kicin ya daɗe yana motsa cokula. Sukundirebar na nan a gabansa, mai jan mariƙi, tana kallonsa. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa a kujerar gefen direba, ƙafarsa kan birki, yana jiran wani ya yi kuskure. Yanke shawara ba sana'arsa ba ce. Yana nan tsaye har ya ji mabuɗi a ƙofa.

Gordana ta shigo da jakar kasuwa, barkono da burodi na leƙowa. Ta dubi Velimir da abin da ke hannunsa, ta leƙa falo ta dubi mijinta da akwatin da ya rungume. Ta ajiye jaka, ta cire takalmi, ta zauna a kujerar kicin kamar wadda ta hau bene goma.

Velimir ya rage murya ya tuna mata maganar dillali, da dutsen kabari, da hunturu.

"Na sani, Velimir. Ni na aike ka."

Sannan ta tashi ta buɗe wani aljihun, ta zaro gudumar da take dukan nama da ita.

"Da wannan 'yar sukundirebar sai ku kai Kirsimeti. Shekara nawa ina share ƙura a gefensa kamar hoton waliyyi, ban isa in taɓa ba. Ni ma ina so in ga wadda aka aura a kaina."

Suka koma falo, ita ta riƙe akwatin, Velimir ya kafa bakin sukundireba a gefe, ta buga. Robar ta yi ƙara ƙas, ba wata babbar ƙara ba, ba ta kai ta fasa ƙwai ba. Velimir ya ji haushin hakan. Ya ɗauka gonar inabi za ta fi haka amo.

Budimir ya sa a miƙo masa farar safar hannu da ya tanada tun tuni. Ya sa ɗaya, ya dube ta, ya cire ya yar. Ya kai littafin hancinsa ya shaƙa, idonsa a rufe. Ya ce ƙamshin rumfar mai jarida ta bakin tasha ke nan, inda yake tsayawa yana yaro yana karanta na wasu a tsaye har a kore shi. Sai ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

Velimir ya zauna a bakin gado yana fassara iya ƙarfinsa. Wani jarumi ne mai koriyar hula yake kokawa da ƙatuwar ƙaguwa a kan rufin banki. Inda Turanci ya ƙare masa sai ya ƙirƙira, ya sa ƙaguwar ta zagi jarumin ta uwa ta uba irin na direbobin bas. Kusan rabin shafukan talla ne, na keken yara da maganin ƙurajen fuska. Kafin gahawar Gordana ta tafasa sun kai ƙarshe, kuma ko ƙaguwar ba a kashe ba, an ce a nemi fitowa ta gaba.

"Shi ke nan?" in ji Budimir.

"Shi ke nan."

"Gonar babana." Dariya ta taso masa, tari ya tare ta, Gordana ta tallafe kansa har ya lafa. Da ya sami kansa ya ce, "Koma farko. Wannan karon kar ka yi sauri."

Bai kai ƙarshen wata ba. Wata safiya Gordana ta ƙwanƙwasa ƙofar Velimir, ta ce ya zo ya taimaka a rufe madubai kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Littafin yana kan bargo, bangonsa ya nannaɗe, da da'irar gindin kofi a fuskar jarumin. Ta sa shi cikin akwatin gawa tare da tabaransa. Dutsen kabari kuwa ta ce gicciyen katako ma ba ya hana mutum kwanciya, a ɗakin kicin kuma za ta yi hunturu, ya fi saurin ɗumi.

Velimir aka ba aikin manna takardar sanarwar rasuwa mai hoton Budimir a jikin bishiyar ƙofar bene, kamar yadda ake yi wa kowa. Ya manna, ruwan sama ya jiƙe ta, tawada ta zubo daga idon Budimir zuwa haɓarsa. Ya sake manna wata, ita ma haka. Sai ya hau sama ya tambayi Gordana ko ta zubar da robar nan. Ba ta zubar ba, tana kan firji.

Ya gyara gefen takardar da almakashi, ya zura ta ciki, ya liƙe tsagar da salatif, ya ɗaure a jikin bishiyar da waya. Ya ja baya ya duba ko ta miƙe. Budimir na ciki a bushe, da kwat ɗinsa na ranar biki, lambar nan ta 9.8 na bisa kansa. Ruwa yana ta gangarowa ta kan robar, masu zuwa kasuwa suna ragewa tafiya su karanta, su wuce.