Bishiya a Gonar Aro

Ranar da Kawu Sha'aban ya ba maigidana, Malam Mainasara, aron gonar nan, dariya aka yi mana a gari. Sunanta dai gona, amma fako ne, can yamma da ƙauyenmu a kan hanyar Zango, ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓen ɗaki. Kawu ƙanin mahaifiyar Malam ne, dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa, kuma ya daɗe da fid da rai da wurin.

Ya ce, "Mainasara, je ka gwada. In ka samu na kunu, Allah ya amfana."

Mu kuwa ba mu da zaɓi. Gonar gadon su Malam, da aka gama raba ta tsakanin 'yan'uwa, ɗan abin da ya samu geronsa ba ya kai mu bazara.

Malam ya taɓa ganin wata dabara a wurin danginsa da ke ƙetaren iyaka. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki a ciki, in ruwa ya sauka sai ya tsaya a ramin maimakon ya gudu. Haka ya yi ta haƙa cikin rana, masu wucewa a kan babur suna tambayarsa ko rijiya yake nema. Takin kuma na akuyoyina ne. Kullum da safe sai na share turke, na haɗa da toka da sharar tsakar gida, na tara a bayan ɗaki. Da kaina na sha ɗaukarsa a buhu har gona in ba a samu aron jaki ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce mini ba ni da bakin magana a kan gonar.

Shekarar farko ba mu samu abin kirki ba. Daga ta uku ƙasa ta fara laushi. Malam ya ƙi yarda ya zuba gero zalla yadda ake yi. Sai ya sa wake a tsakanin geron, ya ware gefe ya shuka riɗi, ya zagaye iyaka da yakuwa. In yana sassabe, ba ya tumɓuke tohon sabara da kalgo da gawo, sai ya rage musu rassa ya bar su su tashi. Harawar waken akuyoyi ke ci, su ba mu taki, takin ya koma gona. Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, maƙwabta suka tashi da rumbu wayam, mu riɗi da wake suka rufa mana asiri. Waɗanda suka yi dariya su ne suka dawo neman iri.

Daga nan ne malamin gona ya zo daga Daura da dashen itatuwa a cikin leda, zogale da mangwaro, yana rabawa kyauta. Ya ce a jera su a iyaka, su tare iska, a ci ganye, a sayar da 'ya'ya. Yaro ne mai kirki, amma bai tambayi kowa ko gonar wa yake nomawa ba. Malam ya kwaso ya kawo gida yana ta murna.

Na ce, "Malam, gonar nan fa ta aro ce."

A wurinmu ko yaro ya san ba a dasa bishiya a gonar aro. Abin da ya fito da kansa na Allah ne, ba mai magana. Amma wanda ka dasa da hannunka, kamar ka kafa shaida ne cewa wurin naka ne, gobe 'ya'yanka su tsaya gaban alƙali su ce ubanmu ya dasa.

Ya ce, "Rauda, Kawu ne fa. Shi ya yi mini aure. Zai yi zaton zan ci gonarsa?"

"To ka je ka gaya masa tukuna."

"In na tambaye shi ai na nuna ban yarda da shi ba."

Bai je ba. Ya dasa, ya kewaye kowane da ƙaya, ya yi ta jigilar ruwa a jarka a bayan keke rani bayan rani. Zogalen ya wuce tsayin mutum, muna cin kwaɗonsa, ina dafawa ina sayarwa. Mangwaro ɗaya har ya fara fure.

Sai Jafaru, babban ɗan Kawu, ya dawo gida. Da can yana fataucin kaya ta iyakar Kongolam, harkar ta mutu, ya dawo da mata da 'ya'ya ba sana'a. Ya je ya zagaya gonar, ya tsaya ya ƙirga itatuwan da ido. Ba a yi mako ba aka kira Malam zauren mai unguwa.

Ban je ba, mata ba sa zuwa, amma komai ya iso kunnena. Kawu ya ce shi bai zargi ɗan 'yar'uwarsa da komai ba, sai dai rai ba tabbas, kuma ba ya son ya bar wa yara rigima. Ko a sare abin da aka dasa, ko a bar gonar. Mai unguwa ya ce gaskiya ne, haka aka gada. Duk dattawan da ke wurin sun ci zogalen nan, babu wanda ya goyi bayan Malam.

Malam da kansa ya ɗauki gatari. Ya ce ba zai bari wani ya taɓa su ba. Da ya dawo ya jingine gatarin, ya zauna a gindin rumbu, na kai masa tuwo har ya huce bai taɓa ba. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni. Amma na ce a raina, tunda gonar ta tsira, shi ke nan.

Ranin nan ya haƙa ramuka fiye da kullum, muka kwashe takin bayan ɗaki kaf muka zuba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iri yana ɗaure a rataye, sai ga Kawu da kansa ya yi sallama bayan la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, na koma bakin ƙofa inda zan ji.

Ya ce, "Mainasara, ka ga halin da Jafaru yake ciki. Bana shi zai noma wurin."

Malam ya ce, "Kawu, ai na sare."

"Ka sare, Allah ya yi maka albarka. Wannan maganar daban ce. Aro ne dai, kuma ba ka shuka komai ba tukuna, ba a cuce ka ba."

"Takin fa, Kawu?"

"Taki ai ƙasa ne." Ya kurɓi ruwa. "Kuma ba zan bar ka haka ba. Akwai wani wurina a arewa da makabarta, fako ne, amma kai hannunka yana da albarka. Je ka gyara."

Malam ya ce ya gode. Da kunnena na ji ya ce ya gode, don in bai karɓa ba me za mu ci?

Yanzu damina biyu ke nan yana noma sabon wurin. Bai haƙa rami ko ɗaya ba. Gero zalla yake zubawa, in ya ga tohon sabara sai ya tumɓuke shi har saiwa ya cinna masa wuta. Ba ya son wurin ya yi kyan da wani zai gani. Abin da muke samu ba ya kai mu bazara, mun koma inda muka fito, sai dai yanzu ba mai yi mana dariya.

Zogale kuwa ba ya mutuwa don an sare shi. Kututturan nan duk sun toho, Jafaru ya kewaye su da ƙaya, ba wanda ya kira shi zaure. Shekaranjiya matarsa Fadila ta aiko mini da ganyen cike da ƙwarya, wai a gaishe ni, ta ji ina son kwaɗo.

Na ce a ce mata na gode. Na juye wa akuyoyi suka cinye. Da safe na share turke, na kai kan tulin da ke bayan ɗaki. Tulin ya kusa kai katanga, kuma har yau Malam bai tambaye ni ko buhu ɗaya ba.