Izinin Ana-Dubawa

Tun da aka binne yayansa, mai walda bai koma maƙabartar ba sai da damina ta yi nisa. Abin da ya tarar ya hana shi cin abinci. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙofar ƙarfen ta ɓalle tana kwance, ledoji sun maƙale a ƙaya. Ya yi wa maƙwabta magana, kowa ya ce zai kawo lauje ko shebur. Kawunsa ne ya ce a fara neman izinin shugaban kwamitin maƙabarta.

Sunan da ake kiran shugaban a bayan idonsa Ana-Dubawa, don ba ya da wata amsa sai ita. Ofishinsa wani ɗaki ne a bayan shagonsa na fenti, da kujera mai juyawa da fankar da ta daɗe da mutuwa. Da mai walda da kawu suka je, ya bar su a tsaye yana sakace haƙori.

"Ranka ya daɗe, shara kawai za mu yi, in gyara ƙofa," in ji mai walda.

"Wa ya turo ku?"

"Ba kowa."

"Haka kowa ke cewa. Yau shara, gobe kujerata. Maƙabarta ba gonar uban wani ba ce. Ku je, ana dubawa."

Mai walda ya dubi tumbin mutumin da zoben da ya nutse a yatsarsa, ya juya ya bi kawu waje. Suka yi ta sintiri har takalmin kawu ya san hanya. Ciyawa kuwa ba ta jira kowa ba.

Ran nan da hantsi sai ga Ana-Dubawa a bakin garejin mai walda, yana haki, yana tsallake guntayen ƙarfe. Mahaifiyar wani babban ɗan kwangila ce ta rasu, manya za su zo jana'iza da la'asar.

"Ɗana, an gama dubawa. Ku share daga ƙofa zuwa inda za a sa ta. Can ciki ba sai kun wahala ba, ba mai zuwa."

Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Izinin na maƙabarta duka ne, ko na inda manya za su taka?"

"Duka, duka. Ku dai hanzarta."

Suka hanzarta, shi da kawu da maƙwabta. Suka wuce ƙofar, suka bi ta cikin ciyawa har bangon ƙarshe, inda yayan mai walda da sauran marasa galihu suke, suka fara daga nan. Ana-Dubawa ya yi kira, ya yi lallashi, ya yi barazanar janye izini. Kawu ya miƙa masa lauje.

Da motocin suka iso, shugaban na duƙe a bakin ƙofa cikin fararen kaya, gumi ya jiƙe shi, ya yanke abin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. Manya suka tattare riguna suka kutsa cikin ƙaya.

Washegari mai walda ya jawo injinsa ya ɗora ƙofar a mazauninta.